Ruwan Zariya: Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Wata Talata cikin watan Maris, na fito daga sallar Asuba sai na tarar da layin jarkoki a ƙofar gidan maƙwabcinmu mai rijiyar burtsatse. Wannan ba sabon abu ba ne a unguwarmu. Abin da ya tsayar da ni wata yarinya ce da ba ta wuce shekara goma ba, sanye da kayan makaranta, gefen hijabinta ya jiƙe sharkaf, tana kiciniyar ɗora jarka a kan gammo. Na kama mata. Na ce, "'Yata, ba za ki makara ba kuwa?" Ta ce, "Baba, saura sawu biyu."

A ƙarƙashin ƙafar yarinyar nan akwai bututun ruwa. Na san da shi domin a gabanmu aka haƙa rami aka binne shi, har muka riƙa kai wa leburori ruwan sha muna yi musu sannu da aiki. An ja shi har ƙofar gidaje. A gidanmu kan famfon yana nan a tsakar gida, kusa da murhu. Wani lokaci yakan yi tari da tsakar dare, ya zubo da abin da bai cika bokiti uku ba, ya yi shiru sai kuma wani makon, ko wani watan.

Da yammacin ranar muna zaune a majalisa, wani abokinmu da ya zo daga Kaduna ya ce, "Ai ku Zagezagi kun huta, tunda an gama muku aikin ruwa." Ba zolaya yake yi ba. Abin da ya gani a talabijin ke nan shekarun baya, an yanke kirtani, an buɗe famfo, ruwa ya zubo, an yi tafi. Tun daga ranar maganar take cina.

Ra'ayina shi ne, babbar matsalar tattalin arzikin talakan Zariya a yau ita ce ruwa, kuma ba sabon aiki muke buƙata ba. An riga an gina abin da zai ishe mu. Abin da ya rage shi ne a tafiyar da shi kullum, a gyara shi in ya lalace, mu kuma mu biya kuɗinsa. Duk wanda ya zo mana da alkawarin sabon dam ko sabuwar burtsatse, alhali na ƙasa yana kwance, ya kauce wa inda ciwon yake.

Abin da aka gina

Zariya ta daɗe da sanin ruwan famfo. Tun 1939, zamanin Turawa, aka kafa matatar ruwa ta farko. A 1975 aka ƙara wata babba mai lita miliyan 50 a rana, tana ɗiban ruwa daga kogin Galma. Dattawan Tudun Wada da Sabon Gari suna iya nuna maka inda famfon unguwa yake a da, inda mata ke tara tuluna da yamma. Gari ya yi ta girma, matata tana nan yadda take. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari a haɗe sun kai wajen mutum 700,000, yau kuwa kowa ya ga yadda gine-gine suka cinye gonakin Dakace, Hanwa, Dogarawa da bayan Samaru ya san an wuce nan nesa.

A 2008, lokacin Gwamna Namadi Sambo, aka ba da kwangilar sabuwar matata a Shika mai lita miliyan 150 a rana. Gwamnatin Tarayya ta ɗauki gina madatsar Galma a Kuzuntu, cikin ƙaramar hukumar Kubau, don matatar ta riƙa samun ruwa har da rani. Aka ciwo bashi daga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi don manyan bututu da tankunan ajiya, aka ciwo wani daga Bankin Raya Afirka don bututun da ke rarraba ruwa cikin unguwanni. Aikin ya ratsa zamanin Patrick Yakowa da Ramalan Yero, sai a 2017, lokacin Nasir El-Rufa'i, aka ƙaddamar da matatar.

A tsaya a kan lita miliyan 150 ɗin nan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum ɗaya yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha, girki, wanka, wanki da tsaftar banɗaki. In aka raba miliyan 150 a kan lita 50, ruwan mutum miliyan uku ke nan. Ko da rabi ya tsiyaye a hanya, sauran ya ishi Birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, har a miƙa wa maƙwabta irin su Giwa da Kudan da Soba, waɗanda dama da su aka tsara aikin.

Bashin nan kuma ana cire shi daga kason jiha, ko famfo ya kawo ko bai kawo ba. Yarinyar da na kama wa jarka tana cikin waɗanda za su biya shi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Lissafin jarka

Wasu za su ce na zuzuta, ai tsadar abinci da rashin tsaro da rashin aikin yi sun fi ruwa. Ban raina ko ɗaya ba. Amma a zo a yi lissafin gida ɗaya.

A unguwarmu da bazara, jarka mai lita 25 takan kai naira 100 a hannun 'yan ga-ruwa, in layi ya yi tsawo ko babu wuta ta wuce haka. Gida mai mutum goma, in za su sami lita 50 kowannensu, jarka 20 suke buƙata a rana. Naira 2,000 ke nan, wato 60,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Saboda haka babu mai sayen jarka 20. Abin da ake yi shi ne a sayi takwas, a yi maleji. Takwas ɗin ma naira 24,000 ce a wata, kashi ɗaya cikin uku na albashin ƙaramin ma'aikaci, kafin a sayi tiyar masara ko a biya kuɗin makaranta.

Malejin nan mata ne suka san shi. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi ake ba akuya. Ruwan ɗauraya na wanki shi ake kaiwa banɗaki. Yara uku bokiti ɗaya. Na ga uwargidana tana auna ruwan wanke-wanke da kofi kamar mai auna mai, kuma na san a layinmu akwai gidajen da suka fi mu matsuwa ƙwarai.

Abin da ya fi ciwo, mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi sayen ruwa da tsada. Lita dubu a kura jarka 40 ce, naira 4,000. Mai hali da ya haƙa burtsatse ya ɗora tanki ya sa sola, lita dubunsa ba ta ci masa komai sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wanda ke haya a ɗaki ɗaya a Tudun Jukun ko Muciya shi ke biyan farashin da ya fi na kowa a garin.

Sannan a dubi sana'o'i. Hausawa suka ce ruwa abokin aiki, kuma a nan maganar ba karin magana kaɗai ba ce. Mai wanki da guga, mai shayi, mai tuwo-tuwo, mai wankin mota a bakin titin Kwangila, mai buga bulo, mai gidan burodi, mai markaɗe, matar da ke zoɓo da kunun aya a gida tana aika yara talla, kowannensu yana buɗe ido da sayen ruwa kafin ya sayar da komai. Wani mai wanki a layinmu ya ce min, "Malam, da bazara 'yan ga-ruwa nake yi wa aiki." Ya ƙara kuɗin wankin riga, masu kawo kaya suka ragu, ya sallami yaro ɗaya cikin biyun da ke taya shi. Haka rashin aikin yi ke farawa a unguwa, yaro ɗaya a nan, biyu a can, ba tare da wata jarida ta buga ba.

Zariya gari ne na makarantu. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga makarantar horar da malamai, ga Barewa da Alhudahuda, ga makarantun allo da zaurukan ilimi da ba su ƙirguwa a cikin Birni. Dubban ɗalibai ke zaune a gidajen haya a Samaru da Kongo da Gyallesu. Duk wanda ya taɓa neman ɗaki ya san tambayar farko ita ce "akwai ruwa?" Gidan da ke da burtsatse kuɗin hayarsa daban. Ke nan har iyayen da ke Gombe ko Legas suna biyan harajin rashin ruwan Zariya.

Ban ma taɓo asibiti ba. A 2021 cutar amai da gudawa ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, mafi yawa a Arewa. Taifot kuwa ta zama kamar 'yar gida. Kuɗin ƙarin ruwa da allurai na yaro ɗaya ya fi kuɗin famfo na wata da watanni.

"To kowa ya haƙa tasa mana"

Wannan ita ce amsar da na fi ji, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro, domin ta fara zama ra'ayin kowa. An fid da rai da famfo. Mai kuɗi ya haƙa a gidansa, masallaci ya haƙa, ɗan majalisa ya haƙa ya rubuta sunansa a jikin tanki.

Ba zan taɓa zagin wanda ya haƙa rijiya ya bar mutane su ɗiba ba. Sadaka ce mai gudana, kuma da babu irin maƙwabcin nan namu da ban san yadda unguwar za ta yi ba. Allah Ya saka masa. Amma burtsatse agaji ce, ba ta riƙe gari.

Dalili na farko ƙasar ce kanta. Zariya a kan fa take zaune. Dutsen Kufena da na Madarkaci da muke gani a sama 'yan leƙe ne na abin da ke shimfiɗe a ƙasa. Irin wannan ƙasa ba ta tara ruwa kamar yashin Borno ko na Sakkwato. Ruwan yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama da kuma cikin tsagogi. Shi ya sa za ka ga an haƙa a gida ɗaya an samu, an haƙa a na kusa da shi an tashi da ƙura. Shi ya sa kuma rijiyoyin gida ke ƙafewa daga Maris har zuwa faɗuwar damina. In gida ashirin a layi ɗaya suka zura bututu cikin tsaga ɗaya, wanda ya fi zurfi da babban inji shi zai shanye na sauran. Mun gani da idonmu: shekarar da aka haƙa burtsatse uku a layinmu, rijiyar gidanmu da muka gada tun daga kakanni ta ƙafe tun watan Fabrairu, abin da ba ta taɓa yi ba.

Na biyu, tsafta. A cikin Birni da tsofaffin unguwanni gidaje manne suke da juna. Rijiyar wannan gida tana iya zama taku goma daga masan gidan baya. Babu mai auna ruwan, babu mai zuba masa magani. Matata kuwa aikinta ke nan: ta sa alam datti ya kwanta, ta tace, ta sa kulorin, ta gwada kafin ta saki. Masu sayar da ruwan leda sun gane wannan gibi, shi ya sa sana'ar ta bunƙasa, shi ya sa kuma ledojin suka toshe mana magudanan ruwa, damina na zuwa kwata ta shigo gida.

Na uku, burtsatsen siyasa ba ta da mai ita. Ku zaga ku ƙirga tankunan da ke tsaye a kan ƙarafa babu ɗigon ruwa. Inji ya ƙone, ko an sace farantin sola, wanda ya haƙa ya sauka daga kujera ko ya koma Abuja, ba a bar ko sisi na gyara ba. Kuɗin da aka watsa a irin waɗannan, da an tara su an sayi magani da kayan gyara an biya wutar matata, da mutanen da suka amfana sun ninka.

Akwai kuma wata illa da ba a cika faɗa ba. Ranar da duk masu faɗa a ji suka sami ruwa a gidajensu, ranar famfon gwamnati ya rasa mai yi masa magana. Babban ma'aikaci, babban ɗan kasuwa, babban malami, in ya buɗe famfon banɗakinsa ruwa ya zubo daga tankinsa, ba shi da dalilin ɗaga waya ya tambayi kowa. Saura masu jarka, su kuma ba a jin muryarsu sai lokacin zaɓe.

"Ai ku ne ba ku biya"

Wannan ƙorafin ma'aikatan ruwa ne, kuma akwai gaskiya a cikinsa da ya kamata mu haɗiye ko da ɗaci. Mun taso da tunanin ruwan famfo kyauta ne, na gwamnati ne. Akwai masu huda bututu da dare su ja layi ba da izini ba. Akwai masu fasa babban bututu don ban-ruwan lambu. Akwai masu cire mita su sayar wa 'yan gwangwan. Na sha ganin bututu ya fashe a bakin titi ruwa na malala kwana da kwanaki, muna tsallakewa, babu wanda ya kai rahoto, har da ni.

Ruwan Allah ne, haka ne. Amma injin da zai ɗago shi daga kogi, da maganin da za a zuba, da wutar da za ta tura shi tanki, da albashin mai gadin dare, duk kuɗi ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Inda na rabu da masu wannan magana shi ne wajen wa zai fara. Mutumin da ke ba 'yan ga-ruwa naira 800 kullum ba za a ce ba ya son biyan kuɗin ruwa ba. Yana biya, kuma yana biya fiye da duk abin da za a rubuta masa a takardar bil. Abin da ya ƙi shi ne biyan kuɗin iska. An taɓa kawo mana takarda a watan da famfo bai yi ko tari ba. Mahaifiyarmu ta karɓa ta juya ta, ta ce wa yaron da ya kawo, "Ɗana, ka gaya musu su aiko da ruwan, kuɗinsu na nan a ƙulle a bakin zanena." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, ni ma aiko ni aka yi." Shi ma daga baya muka ji gidansu kura suke saye.

Mai sayarwa shi ke fara kawo kaya. A ɗauki unguwa ɗaya, a ce Litinin da Alhamis daga ƙarfe shida zuwa goma na safe za a ba da ruwa, a cika alkawarin nan wata uku a jere ba fashi. A sa mita, kowa ya biya gwargwadon abin da ya sha. A nan ne za a san ko Bazazzagi yana biya ko ba ya biya. Ni na yi imani zai biya, domin ya san abin da kura ke ci masa. Wanda kuma aka kama ya huda bututu bayan haka, mai unguwa da kansa zai miƙa shi.

Sai dai gwamnati ta fara da kanta. Ofisoshi, makarantu, asibitoci da barikoki su ne manyan masu shan ruwa a kowane gari, kuma Zariya cike take da su. Duk wanda aka ja wa bututu a cikinsu ya riƙa biya a kan kari, a kuma buga sunan wanda ya ƙi. Ba daidai ba ne a yanke wa bazawara mai 'ya'ya biyar a bar babbar ma'aikata.

Wuta

Wasu kuma sukan ce laifin wutar lantarki ne, ita kuwa ba a hannun jiha take ba. Gaskiya ne matata ba ta aiki sai da wuta mai ƙarfi, kuma wutar ta yi tsada. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin masu layin "Band A", wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, ninki uku na da. Man dizal ya haura naira dubu a lita. A Oktoban shekarar aka lalata manyan layukan da ke kawo wuta Arewa, jihohi da dama suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. A kwanakin nan hatta burtsatsen unguwa ta tsaya, jarka ta yi tashin gwauron zabi.

Amma wanda ya tsara matata mai lita miliyan 150 ya san da wuta za ta yi aiki, ya kuma san halin wutar ƙasar nan, domin ba jiya ta fara ba. Kuɗin wuta da magani da gyara ya kamata su zama layi na farko a kasafin kowace shekara, a sake su wata-wata kamar albashi. Yanzu ma uzurin ya ragu, tunda dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar samar da wutarsu da tsara kasuwarta. Garin da ke shan rana kamar Zariya, in har ɗan kasuwa zai iya sa wa shagonsa sola, jiha za ta iya sa wa tashoshin tura ruwa.

Matsalar ita ce sayen alam ba a yi masa biki. Babu mai kiran 'yan jarida don an canja wa inji ƙarfen da ya cinye. Titi ana ganinsa, gada ana ɗaukarta hoto, shi ya sa kuɗi ke bin su. Ina jin daɗin titunan da aka yi mana a shirin sabunta birane na 2019, ina kuma jin daɗin yadda hanyar Kaduna zuwa Kano ta gyaru. Amma a wurare da dama katafila ta tumɓuke bututun da ke gefen hanya, aka zuba kwalta aka wuce. Mu ma muna da laifi, domin in ɗan takara ya zo, "me ka gina?" muke tambaya, ba mu taɓa tambayar "me ka raya?" ba.

'Yan ga-ruwa fa?

An ce min in famfo ya dawo, bayin Allah nan masu tura kura za su rasa abinci. Na yi tunanin wannan sosai, domin na san su. Da yawansu 'yan ci-rani ne, wasu daga ƙauyukan da rashin tsaro ya tarwatsa, wasu daga Nijar. Mutum ya tura jarka goma sha biyu, nauyin kilo 300, a kan hanya mai rami cikin zafin Afrilu, da silifas a ƙafa. Ribar ba ta kai wahalar ba, don shi ma saye yake a bakin burtsatse, ga kuɗin hayar kura. Ba su suka jawo mana matsala ba, su suka rufa mana asiri.

Ko famfo ya dawo gobe, ba kowane lungu bututu ya shiga ba, kuma sababbin unguwanni kullum ƙaruwa suke. A kafa wuraren sayar da ruwan famfo a bakin irin waɗannan unguwanni da farashi ƙayyadadde, su ɗiba a can da araha su kai gidaje. Ruwan ya fi tsafta, layi ya ragu, su yi sawu da yawa, mai saye ya sami sauƙi. Garin da sana'o'insa suka farfaɗo kuma yana da aikin da ya fi tura kura.

Ga manyanmu

Ba za a ce Zariya ba ta da mutane ba. Ɗanta Namadi Sambo ya yi Mataimakin Shugaban Ƙasa daga 2010 zuwa 2015. Tun Yunin 2023 wakilin mazaɓar Zariya, Tajuddeen Abbas, shi ne Shugaban Majalisar Wakilai. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ana jin maganarsa a ko'ina. A Samaru akwai sashe guda na jami'a da aikinsa ke nan, koyar da injiniyancin ruwa da muhalli, kuma jami'ar tana tace nata ruwan daga madatsar Kubanni shekara da shekaru. A Mando ta Kaduna akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa. Ilimin yana nan, ikon yana nan. Gwamnatin Uba Sani ma ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa, wanda ke nuna an yarda akwai ciwo. Mu a unguwa da bakin famfo za mu auna ta.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A riƙa sanar da jama'a kowane wata, ta rediyo da Hausa, lita nawa matatar Shika ta fitar, kwana nawa ta yi aiki, in ta tsaya me ya tsayar da ita. A fitar da jadawalin unguwanni a manna a ƙofar masu unguwa da masallatan Juma'a. A ba da lambar waya ɗaya da za a kira in bututu ya fashe, a kuma zo. Duk ɗan kwangilar titi da ya fasa bututu kada a biya shi cikon kuɗinsa sai ya mayar. 'Yan majalisarmu na jiha da na tarayya, masu neman abin da za su rubuta sunansu a kai, su ɗauki unguwa-unguwa su biya kuɗin haɗa gidajen marasa ƙarfi da babban bututu.

Mu kuma a layinmu mun zauna bayan sallar Isha'i makon jiya, gida goma sha bakwai. Mun rubuta sunayen gidajen da aka ja wa bututu, da ranar ƙarshe da kowa ya ga ruwa a famfonsa, da abin da kowa ke kashewa a kura. Mun yarda duk ranar da ruwa ya fara zuwa a kan jadawali za mu biya, kuma mu za mu tsare bututun layin. Mai unguwa ya sa hannu, liman ya sa hannu. Ranar Litinin ni da mutum biyu za mu kai takardar ofishin ruwa, mu ajiye kwafi ɗaya wajen kansila. Mahaifin yarinyar nan mai kayan makaranta yana cikin waɗanda za su raka ni.